Yadda Na Gano Matsalar Maɓallan Taɓawa da Faifan da Ya Maƙale a Kwamfutata

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita tsohuwa ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin shekarar 2008 zuwa 2010, lokacin da kamfanoni da dama suka yi yayin jera maɓallan taɓawa a saman allon madannai. Wani siririn layi ne baƙi mai sheƙi, babu abin da ke lotsawa a jikinsa, sai 'yan alamomi masu haske: ta ƙara sauti da ta rage shi, ta kashe shi gaba ɗaya, ta tsayar da bidiyo, sannan a can ƙarshen layin alamar fitar da faifai. Wurin saka faifanta kuma ba mai faranti ba ne da ke fitowa waje, wata 'yar tsaga ce a gefe, ana zura faifan sai ta ja shi ciki da kanta. Irin waɗannan kwamfutoci har yanzu suna hannun malamai da ɗalibai da masu shagon buga takardu, domin ta hannu ake sayensu kuma suna da ƙarko. Na rubuta abin da na bi daki-daki ne saboda duk mai irinta zai iya wayar gari da wannan matsala, kuma abin da ya fi wahalar da ni ba gyaran ba ne, rashin sanin abin da ya kamata a fara dubawa ne.

Abin ya faro ne cikin hunturu. Da farko sautin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai ba tare da na kai hannu wurin ba, wani lokaci kuma ya kashe kansa ina tsakiyar sauraro. Ana nan sai wata safiya layin ya mutu murus, hasken alamomin ya ɗauke, duk inda na taɓa babu amsa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne akwai faifan DVD a ciki, kuma ba nawa ba ne. Wani dattijo maƙwabcina ne ya ara mini shi domin in kwafe masa karatun tafsirin da ke ciki zuwa katin waya, ya kuma jaddada mini cewa shi kaɗai gare shi. Na dudduba gefen kwamfutar ina neman ɗan ramin nan da ake zura allura ko miƙaƙƙen kilif a fitar da faifai da ƙarfi, ban same shi ba, domin wannan rami a kan injin faifai mai faranti aka saba ganinsa, mai tsaga yawanci ba ya da shi. Wani da ke wurin ya ba ni shawara in zura katin banki ko siririyar wuƙa in ƙwaƙulo faifan. Ban yarda ba, kuma ina roƙon duk wanda ya shiga wannan hali kada ya yarda, saboda a ciki akwai robobin da ke jan faifai da idon da ke karanta shi, ƙarfe ɗaya ya isa ya karce faifan ya kuma lalata injin da ƙila lafiyarsa ƙalau.

Hanyar da ta fitar da faifan ba ta ci ko sisi ba. Na buɗe wurin da Windows ke jera ma'ajiyoyin kwamfuta, wanda ake kira This PC a Windows 10 ko Computer a Windows 7, na ɗora linzami a kan alamar injin faifai, na danna ɓangaren dama, na zaɓi Eject. Sai na ji ɗan gurnanin nan da na saba ji, faifan ya leƙo. Na ɗauke shi na mayar cikin jakarsa, a ranar na kai wa mai shi. Bayan hankalina ya kwanta ne na lura cewa wannan ɗan gwaji ya amsa babbar tambaya: tunda injin ya karɓi umarni daga Windows ya fitar da faifai, to injin faifai ba shi da laifi. Abin da na ɗauka matsaloli biyu ne, wato mutuwar maɓallan sauti da lalacewar maɓallin fitar da faifai, ashe matsala ɗaya ce, domin duk alamomin a kan ɗan allon lantarki guda suke, waya guda ce kuma take kai saƙonsu ciki. Idan wani shiri yana amfani da faifan, Windows kan ƙi fitar da shi, sai a rufe shirin ko a sake kunna kwamfutar a gwada tun kafin a buɗe komai.

Da wannan fahimta na ɗauki kwamfutar na nufi wani shagon gyara da ke kusa da unguwarmu. Mai shagon ba ya nan, yaronsa na tarar yana fama da wayoyi da kwamfutoci a kan teburi ɗaya, na zauna a benci na jira har aka yi sallar azahar kafin layi ya zo kaina. Ya kunna ta, ya shafa layin da yatsa, ya ce, "Malam, wannan ai bairos ne ya cinye direbobin. Sai dai a yi mata fomatin a zuba sabuwar Windows." Direbobi su ne ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta yi aiki da sassan kwamfuta, fomatin kuwa shi ne goge duk abin da ke cikinta. Ya yanke mini naira 8,000, ya ce in dawo gobe. Na tambaye shi ko ya lura cewa hasken alamomin ba ya kamawa tun daga lokacin da aka danna maɓallin kunnawa, tun kafin tambarin Windows ya bayyana, alhali a da da zarar an kunna ta sukan haska gaba ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce fomatin dai yana maganin abubuwa da yawa. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka koya masa ke nan, amma ban ga yadda goge duk ayyukana zai dawo da hasken da ke mutuwa tun kafin Windows ta farka ba. Na biya naira 1,000 kuɗin dubawa, na ɗauki abata na tafi. Wannan tambaya ta haske ita ce ma'aunin da nake ba kowa yanzu: a kashe kwamfutar, a kunna, a shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfutar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F2 ko F10 ko Esc gwargwadon ƙirar kwamfutar, a duba ko alamomin suna haske. A irin tawa, alamar fitar da faifai tana aiki ko a cikin BIOS ne, don haka idan ta mutu a can, babu abin da fomatin zai tsinana.

Wani abokin aikina da ya karanci lantarki ne ya yi mini bayanin yadda layin ke aiki, bayanin da ya sauya yadda nake kallon matsalar. Ya ce maɓallin taɓawa ba ya jin nauyin yatsa, canjin cajin lantarki yake ji idan fatar mutum ta kusanto shi, shi ya sa ba ya amsa wa bayan biro ko hannu mai safa, shi ya sa kuma danna shi da ƙarfi ba ya ƙara komai. Saƙon da ya ɗauka yana bi ta wani ɗan ƙaramin guntu a kan babban allon kwamfutar, wanda shi ne ke kula da allon madannai da cajin batir da fanka, kuma wannan guntu ba ya barci muddin batir na jikin kwamfutar, ko da an kashe ta. Idan ya rikice, kashewa da kunnawa ba sa warware shi, sai an yanke masa wuta gaba ɗaya. Ya ce in kashe kwamfutar, in zare caja, in cire batir, in danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, sannan in mayar da komai. Na yi hakan da daddare a kan tabarma, ina danna maɓallin kunnawa sai alamomin suka haska reras kamar yadda na san su. Na taɓa ta sauti, ta amsa. Na zura wani faifai nawa da ba ni da asara idan ya maƙale, na taɓa alamar fitarwa, ya fito. Farin cikin da na yi a daren nan ba kaɗan ba ne. Wanda batirin kwamfutarsa na ciki ne da ba a cirewa, sai ya duba ƙasanta ko akwai ɗan ramin yanke wuta, ko ya nemi littafin bayanin ƙirarta, kada ya ɓalle murfi da garaje.

Murnar ba ta daɗe ba. Cikin 'yan kwanaki sautin ya koma hawa da sauka shi kaɗai, layin ya sake sandarewa, na sake cire batir ya dawo, haka muka yi ta yi. A nan ne na fara lura da lokacin da abin ke faruwa, har ina rubutawa a bayan wani littafi. Sai na ga idan ina aiki da batir kaɗai layin kan zauna lafiya, amma da zarar na jona caja, musamman idan janareta ne ke ba da wuta, sai ya fara hauka. Cajar ta asali ta ƙone tun bara, na maye ta da wata mai arha, marar nauyi a hannu, mai ƙafa biyu. Idan na ɗora tafin hannu a gefen kwamfutar tana caji, nakan ji wani ɗan tsirr a fata. Abokin nawa ya ce wannan shi ne alamar, domin caja marar inganci tana shigo da wuta mai hargitsi, ga shi babu ƙafa ta uku da ke sauke rarar wuta zuwa ƙasa, maɓallin da aikinsa auna ɗan ƙanƙanin canjin caji kuwa sai ya ɗauka yatsa ne ke taɓa shi. Ya ƙara da cewa busasshiyar iskar hunturu na taimakawa, domin lokacin ne wuta ke taruwa a jikin mutum har ta tsarge shi idan ya taɓa ƙofar mota. Na aro caja ta asali daga wani mai irin kwamfutata, bayan na duba rubutun da ke bayanta na tabbatar ƙarfin wutar ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan tawa, wato bolt 19.5. Hawa da saukar sautin ya tsaya cak. Daga baya na sayi ta asali ta hannu a kan naira 12,000, kuma har yau ina ganin wannan ne kuɗin da ya fi amfani a duk abin da na kashe.

Sai dai alamar fitar da faifai ba ta koma daidai ba. Wani lokaci ta amsa, wani lokaci sai na taɓa ta ta yi biris, alhali sauran na aiki. Na koma ɓangaren manhaja domin in kawar da shakka. Kwamfutar da Windows Vista aka ƙera ta, wanda ya sayar mini ya ɗora mata Windows 7, ni kuma na mayar da ita Windows 10 bayan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020. A wajen wannan sauyi ƙaramar manhajar da kamfanin ya tanada domin maɓallan ta ɓace, shi ya sa ko da sauti ya ƙaru ba na ganin ma'auninsa a fuskar kwamfutar. Na kifa ta na kwafi lambar ƙira daga takardar da ke manne a ƙasa, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, na sauko da manhajar. Ta Windows 7 ce kawai ake da ita, sai da na saka ta ta hanyar tsarin dacewa da tsohuwar Windows kafin ta zauna. Ma'aunin sauti ya dawo, amma alamar fitar da faifai tana nan yadda take. A shafin na kuma ga akwai sabon BIOS da ya fi wanda ke kan tawa, na kuma san cewa sabunta BIOS kan zo da gyaran wancan ƙaramin guntu. Wannan mataki ne da ya ba ni tsoro, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata, shirin ma ya ƙi farawa sai da batir ya yi caji kuma aka jona caja. Ban yi shi a gida ba, na tafi ofishin wani ɗan'uwa mai wutar sola, na zauna ina kallon ma'aunin ci gaban aikin yana cika a fuskar kwamfutar, fanka na kuka, ban taɓa komai ba har ta kashe kanta ta sake tashi. Daga ranar layin bai ƙara sandarewa gaba ɗaya ba, amma wannan alama guda ta ci gaba da gardama.

Tunda na kawar da caja da manhaja da BIOS, abin da ya rage na cikin jiki ne, sai na nemi mai gyaran da ya san aikin allon lantarki na cikin kwamfuta. Aka kwatanta mini wani dattijo a kasuwar kwamfuta, shagonsa ƙarami ne, bangon cike da gawarwakin tsoffin kwamfutoci an jera su kamar littattafai. Kafin in tafi na kwafe duk ayyukana zuwa wata ma'ajiya ta waje, na ɗauki hoton takardar da ke ƙasan kwamfutar mai ɗauke da lambarta, na kuma rubuta girman ma'ajiya da na ƙwaƙwalwarta a takarda, domin a san da abin da ta shiga shago. Na gaishe shi, na zayyana masa duk abin da na gwada bi da bi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka rage mini rabin aiki. Zauna a buɗe ta a gabanka." Ya cire batir, ya kwance sukurorin da ke ƙarƙashinsa, ya sa wata 'yar roba mai faɗi ya ɗaga murfin da ke saman allon madannai a hankali, yana bi gefe-gefe har maƙallan suka saki. A bayan murfin aka manne allon maɓallan, siriri kamar rula, da wata waya fara mai faɗi wadda masu gyara ke kira fileks, ta tafi ta shige wani ɗan soket mai murfi baƙi. Ya nuna mini da bakin hantsaki yadda fileks ɗin ya karkace, gefe ɗaya ya ɗan zame waje, ga jar ƙura ta cushe a bakin soket ɗin. Ya ɗaga murfin da farce, ya ce wannan ɗan abu idan ya karye aikin ya zama babba, ya zare wayar, ya goge haƙoranta da auduga da sifirit, ya hure ƙurar, ya mayar. Da ya kara ta a haske sai ya nuna mini wani layi fari-fari a daidai inda take lanƙwasawa, ya ce ɗaya daga cikin zaruruwan ciki ya tsage, shi ya sa take haɗuwa tana rabuwa idan kwamfutar ta yi zafi ko aka motsa murfinta.

Gyara na dindindin shi ne a sauya allon da wayarsa, kuma ba a samun sabo, sai dai a ciro daga wata matacciya. Ya ce zai nema a wajen abokan sana'a. Na ba da naira 3,000 kafin alƙalami, ya rubuta mini rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da abin da za a sauya da sauran kuɗin da ya rage, na kuma tafi da kwamfutar gida tunda tana aiki, ban bar ta a shago ba. Jiran ya ɗan ja, na yi ta kira ana cewa ba a samu ba tukuna, har na fara tunanin haƙura. Da aka samo na farko na je, sai ya zama na wata ƙira ce mai kama da tawa, a ido iri ɗaya ne, amma fileks ɗinsa ya fi faɗi, ya ƙi shiga soket. Dattijon bai tilasta shi ba, ya ce abin da ya kamata tun farko shi ne a kwafi lambar da ke manne a bayan allon kansa, ba lambar kwamfutar kaɗai ba, domin ƙira guda na iya fitowa da alluna mabambanta. Muka ɗauki hoton lambar, da ita aka samo wanda ya dace. Ya saka shi, kafin ya ɗaure sukurori ya kunna ta a buɗe, ya ce in taɓa kowace alama da hannuna, ya kuma sa na zura faifai na fitar da shi sau da dama, a kan batir da kuma a kan caja. Sai da na gamsu sannan ya rufe. Allon ya tashi a naira 6,000, ladan aikinsa naira 4,000, ko da yake na san farashi a kasuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Idan wani ya zo mini da irin wannan matsala yau, abin da zan fara ce masa shi ne ya fitar da faifan ta cikin Windows, domin hankali ba ya kwanciya a yi tunani mai kyau matuƙar kayan wani na maƙale a ciki, kuma fitowar faifan za ta wanke injin daga zargi. Daga nan ya duba hasken alamomin tun kafin Windows ta tashi, ya yanke wa kwamfutar wuta gaba ɗaya, ya gwada ta a kan batir kaɗai ya ga ko caja ce, ya goge layin da ƙyalle mai laushi domin maiƙo da danshi ma suna rikita shi. Duk waɗannan kyauta ne kuma ba sa taɓa ayyukansa. Manhaja da BIOS su biyo baya, buɗe kwamfuta ya zama na ƙarshe, fomatin kuwa ba ya cikin lissafi sai idan alamomin na aiki lafiya a BIOS amma suna mutuwa a cikin Windows, ko a nan ma sake saka manhajar maɓallan ya isa a mafi yawan lokuta. Ina kuma ganin yana da kyau mutum ya shiga shagon gyara da takardar abin da ya riga ya gwada, domin mai gyara na ƙwarai yana jin daɗinta, wanda kuma ya yi watsi da ita ya nuna maka irin aikin da zai yi.

Akwai abin da dattijon ya gargaɗe ni a kai game da injin faifai mai tsaga, wanda ban taɓa ji ba sai a wurinsa. Ya ce kada in zura masa ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8, irin wanda ke zuwa da wasu na'urori, domin an yi shi ne don cikakken faifai mai santimita 12, ƙaramin kan ɓace a ciki. Kada kuma in zura faifan da aka manna wa takarda a baya, irin na masu ɗaukar bidiyon biki, saboda zafi na ɗaga takardar ta naɗe a robobin ciki, kuma a wannan hali ko umarnin Eject ba zai fitar da shi ba sai an kwance injin. Ga wanda bai samu allon da ya dace da kwamfutarsa ba, akwai injin faifai na waje mai faranti da ake jonawa ta USB, yana da maɓallinsa na dannawa da ramin allura, sauti kuma ana iya sarrafa shi daga alamar lasifika da ke kusa da agogo a ƙasan fuskar kwamfutar. A irin wannan yanayi mai gyara zai iya zare fileks ɗin gaba ɗaya domin layin ya daina taɓa kansa, amma a tabbatar maɓallin kunnawa ba a kan wannan waya yake ba kafin a zare ta.